Tsayawar Tsohon Agogon Hannu Mai Wani Jefi-Jefi: Nazarin Hanyoyin Gano Musabbabi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba matsalar tsohon agogon hannu mai wani wanda ke cikin tafiya ya tsaya, a girgiza shi ya tashi, a jima ya sake tsayawa. Ta nuna cewa lokacin da ya tsaya, da yanayin kwanciyarsa, da ragowar waninsa, su ne shaidun da ya kamata a fara saurara kafin a buɗe bayansa.

Gabatarwa

Bahaushe ya yi wa agogo kirari da sarkin aiki, duk da cewa baƙo ne a wurinsa. Sunan ma aro ne daga Yarabanci, inda yake nufin ƙararrawa. Tun da kamfanin Seiko ya fitar da agogon batir mai suna Astron a watan Disamba na 1969, masu wani suka riƙa ja da baya a kasuwa, kayan gyaransu kuma suka yi wuya. Da yawa daga waɗanda suka rage a hannun jama'a gado ne, don haka kuskuren gyara kan zama asarar da ba ta da mayewa. Agogon da ya mutu murus ya fi sauƙin sha'ani, domin cutarsa na nan a zaune tana jiran mai dubawa. Mai suma yana farfaɗowa shi ne ke ba da wuya, musamman da yake a gaban mai gyara ya fi tafiya lafiya lau.

Ƙarfin agogo yana taruwa a babban sifirin da ke naɗe cikin wani ɗan gwangwani mai haƙora. Daga nan yake bi ta jerin faya-fayai masu haƙora har ya isa ga wani ƙarfe mai yatsu biyu, shi kuma ya riƙa tunkuɗa faifan lilo, wanda ke kai da komo bisa siririn sifirin mai kama da silin gashi. Yawancin tsofaffin agogo suna bugu 18,000 a awa, wato biyar a sakan. Ƙarfin yana raguwa a kowane mataki, ta yadda zaren auduga guda a ƙarshen jerin ya isa ya tsayar da komai.

Shaidar lokaci

Kafin komai sai a kara agogon a kunne. Idan yana bugawa amma hannuwansa sun tsaya cik, injin lafiyarsa ƙalau. Ɗan bututun da ke ɗauke da hannun minti ne ya saki, yana sulɓewa a kan sandarsa. Idan kuwa shiru aka ji, sai a rubuta inda kowane hannu ya tsaya kafin a taɓa shi, a yi ta yin haka har tsawon mako. Wannan rubutu ya fi kowane madubin ƙara girma amfani, domin kowane faifai yana da adadin lokacin da yake kammala zagaye.

Faifan da ke juya hannun sakan yana zagayowa sau ɗaya a minti. Idan hannun sakan kullum a wuri guda yake tsayawa, zargi ya faɗa kan lanƙwasasshen haƙori a wannan faifai, ko kuma bakin hannun yana gogar gilashi. Faifan tsakiya yana zagayowa sau ɗaya a awa, saboda haka tsayawa a minti iri ɗaya cikin awowi dabam-dabam shi take nunawa. Akwai wani salon da ke rikita mai kallo, inda agogo ke tsayawa a 1:05, wata rana 3:16, wata rana 4:22. A ido babu dangantaka tsakanin waɗannan lokuta, alhali kuwa duk lokuta ne da hannun minti ke hawa kan hannun awa, abin da ke faruwa sau 11 cikin awa 12. Ma'ana, ɗaya ya karkace yana sarƙe ɗan'uwansa, gyaransa kuma bai wuce a cire su a daidaita a mayar ba. Agogo mai nuna kwanan wata da ke wuce sha biyun rana lafiya amma ya tsaya dab da sha biyun dare, nauyin juya faifan kwanan ne ya fi ƙarfinsa.

Shaidar kwanciya

Masu gyara suna gwada agogo a yanayi shida: a rigingine, a kife, sannan a tsaye ta ɓangarori huɗu. Wanda ke tafiya a rigingine ya tsaya da zarar an kife shi, akasari tsinin sandar faifan lilo ne ya lanƙwashe ko ya karye a gefe ɗaya, ko dutsen yaƙutun da tsinin ke juyawa a ciki ya tsage, ko siririn sifirin ya karkace yana taɓa wani abu. Wannan ya fi yawa a agogon da ba su da kariyar faɗuwa irin ta Incabloc, wadda ta bayyana a shekarun 1930. Idan tsayawar ba ta da ƙa'ida ko kaɗan, kuma ana jin ɗan ƙaras-ƙaras in an juya agogon, to wani ɗan sukurun ne ya kwance yana yawo a ciki. Girgiza irin wannan agogo don ya tashi ganganci ne, domin sukurun na iya faɗawa tsakanin haƙora.

Shaidar wani

Lafiyayyen agogo yakan yi kusan awa 40 bayan cikakken wani. Wanda ke tsayawa bayan awa goma ko sha biyar, ko dai sifirinsa ya gaji ko ƙarfin na zurarewa a hanya. Sai dai akwai wanda ake zargi ba da laifinsa ba. Seiko 5, wanda aka fara fitarwa a 1963, da motsin hannu yake wana kansa, kuma yawancin ire-irensa ba a iya wana su da yatsa. Dattijon da ke wuni a zaune zai tarar da shi a tsaye da asuba ko da babu abin da ya lalace.

In an kawar da waɗannan duka, abin da ya saura shi ne ya fi kowanne yawa: busasshen mai. Man agogo yana daskarewa da shekaru, ƙurar hunturu kuma ta shiga ta kan wani da tsohuwar robar murfi, su haɗu su zama kamar ƙaro. Lilon da ya kamata ya kai digiri 270 zuwa 300 sai ya faɗo ƙasa da 200, ƙaramar jijjiga ta tsayar da shi. Na'urar auna bugu tana nuna wannan cikin 'yan mintoci. Ɗiga man keken ɗinki a kai yana tayar da agogon na ɗan lokaci, amma mai da ƙura suna zama magogi da ke cinye tsinin sanduna, kuma ɗigo guda a siririn sifirin yana manne zagayensa, agogo ya kama gudu, kamar yadda maganaɗisu ke sa shi. Abin da ya dace shi ne a wargaza injin gaba ɗaya, a wanke, a duba kowane tsini da dutse, sannan a sa mai da bakin allura a inda ya kamata kawai. Idan agogon na kafin shekarun 1960 ne kuma lambobinsa na da fentin haskaka duhu, ana iya samun sinadarin radiyom a cikin fentin, don haka ba a hura fuskarsa da baki, ba a kuma kankare ta.