Kayan Duban Taurari: Abin da Ya Dace da Mai Sha'awa a Samaru da Sabon Gari

Makasudin wannan maƙala shi ne a yi bayani a kan kayan aikin da ɗalibi mai sha'awar ilmin falaki zai nema, da yadda zai yi amfani da su a yanayi irin na Zariya. Duban sama daɗaɗɗen abu ne ga Bahaushe. Ya san Zara matar wata, ya san Gamzaki, ya san Kaza da 'ya'yanta, manomi kuma har yau yana lissafin damina da taurari irin su Ɗarfa da Jabaha. Abin da ya zo daga baya shi ne madubin hangen nesa, wanda Galileo ya fara ɗagawa sama a shekarar 1609, har ya gano watanni huɗu masu kewaya Mushtari a 1610.

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne, darajar madubi tana ga faɗin bakinsa, domin da baki yake tara haske. Ƙwayar idon mutum, ko a cikin baƙin duhu, ba ta cika wuce milimita 7 ba. Gilashi mai faɗin milimita 50 kuwa yana tara haske kimanin ninki 50 na abin da ido ke tarawa. Girmama abu aikin ƙaramin gilashin da ake kafa ido ne, kuma yana da iyaka: ba ya amfani in ya wuce ninki biyu na faɗin baki a lissafin milimita. Saboda haka, in mutum ya ga wani siririn madubi mai baki milimita 60 a shago, an rubuta a kwalinsa wai yana girmama abu sau 500, to, ya riƙe kuɗinsa. Iyakar ƙarfinsa sau 120 ne, abin da ya haura wannan dishi-dishi ne kawai.

A ganina, mafarin da ya fi dacewa shi ne tabarau mai hangen nesa, wato mai ido biyu ɗin nan. Akan rubuta lambobi biyu a jikinsa, alal misali 7x50 ko 10x50; ta farko yawan girmamawa ce, ta biyu faɗin baki. Wanda ya wuce sau 10 hannu ba ya iya riƙe shi ba tare da rawa ba. In an same shi na hannu a kasuwar Sabon Gari, kada a biya sai an gwada: a hangi turken lantarki mai nisa, in turken ya rabu biyu, idanun tabarau sun goce, kuma ciwon kai zai riƙa jawowa. A kuma juya shi a leƙa ta baki, ko akwai funfuna mai kama da yanar gizo a ciki. Da irin wannan tabarau, 'ya'yan Kaza da ido ke ƙirga shida ko bakwai sai su zama gommai, ramukan da ke fuskar wata su fito, watannin Mushtari su bayyana kamar ɗige-ɗige a jere.

Wanda ya ga sha'awarsa ta ɗore, sai ya nemi babban madubi. Iri biyu ne: mai gilashi a baki, da mai madubi a gindi, wanda Newton ya ƙera a 1668. Na biyun ya fi araha in aka auna da faɗinsa, musamman in an ɗora shi a kan akwatin katako mai juyawa, abin da kafinta zai iya haɗawa. Mai milimita 150 ya isa ya nuna zoben Zuhal sarai. A nan ne kuma ɗalibin harshe zai ga abin mamaki. Hausa ta ba da sunaye biyu, Zara ta magariba da Gamzaki na asuba, alhali kuwa duniya guda ce, wato Zuhura, kuma a madubi takan fito wani lokaci da siffar jinjirin wata.

Sai batun wuri da lokaci, wanda ya fi kayan muhimmanci. Zariya tana kan digiri 11 arewa da tsakiyar duniya. Wannan ya sa tauraron arewa yana ƙasa-ƙasa, digiri 11 kacal bisa doron ƙasa, amma ya ba mu taurarin kudu da mutanen Ingila ba sa gani faufau. Matsalarmu hazo ne. Mutane sukan ɗauka hunturu ne lokacin duba tunda babu gajimare, amma ƙurar da ke tashi daga Disamba zuwa Fabrairu takan shafe duk abin da ke kusa da doron ƙasa. Daren da ya biyo bayan ruwan sama, da ƙarshen damina wajen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, su ne sama ta fi wankuwa. Fitilun Sabon Gari da na titin Samaru su ma suna kashe ƙananan taurari, don haka gara a nausa wajen Shika ko gindin dutsen Kufena, a cikin ayari, da sanin mutanen wurin. Ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, hasken waya kuwa nan take yake rushe wannan. A rufe bakin tocila da jan ƙyalle.

Ƙurar nan dai ita ce ajalin gilashi. Kada a goge shi da bakin riga, domin yashi ne, zai kankare shi. A hure tukuna, sa'an nan a shafa da tattausan ƙyalle. Da damina kuma a ajiye shi inda babu laima.

Game da ɗaukar hoto, wata shi ne mafi sauƙi: a daidaita idon waya da ƙaramin gilashin madubi, a danna. Taurari kuwa sai an bar idon kyamara a buɗe na wasu daƙiƙoƙi, bisa mazauni mai ƙafa uku. To, amma fa duniya tana juyawa digiri 15 a kowace sa'a, in aka daɗe sai taurari su zama zane-zane. Masu wannan aiki sukan raba 500 da tsawon gilashin kyamara: mai milimita 50 daƙiƙa 10 ke nan, mai milimita 20 daƙiƙa 25.

Da yawa daga cikinmu ranar duban jinjirin watan azumi ko na salla ne za su fara ɗaga tabarau, shi ya sa wannan gargaɗi ya zama tilas. Kada a kai shi yamma sai rana ta faɗi ƙurmus, domin kallon rana ta cikinsa, ko na ƙiftawa ne, yana ƙone ido, ƙunar da ba ta warkewa. Haka abin yake a lokacin husufi, irin na 29 ga Maris 2006 da ya rufe rana ruf a Gusau da Katsina. Gilashin da aka turara da hayaƙi ko baƙin tabarau ba kariya ba ne. A huda ƙaramin rami a kwali, a ba rana baya, a bar haskenta ya ratsa ramin ya sauka a kan farar takarda, a kalli surarta a can.