Canjaras a Wasan Darar Turawa: Shin Tsoro Ne?

Wani mai sauraronmu daga Damagaram ya tambaya: me ya sa ɗan wasan darar Turawa, wato ces, yake dagewa bayan an fi ƙarfinsa, alhali canjaras kawai zai samu?

To Malam, canjaras ɗin rabin maki ne, faɗuwa kuwa ba ta da ko anini. A wasan farko na gasar zakaran duniya ta 2018 a Landan, Fabiano Caruana na Amurka ya tsinci kansa da ƙaramin soja ɗaya ƙasa da Magnus Carlsen na Norway, amma ya yi ta toshe kafa har motsi na 115, aka tashi babu wanda ya ci. Doka ma tana bayan mai haƙuri: idan kowa ya yi motsi 50 ba a ci ɗa ba, ba a kuma gusar da ƙaramin soja ba, ana iya neman canjaras.

Wasu kan ce wannan ɓata lokaci ne da rashin jarumta. Ina ganin akasin haka ne. Mai kai hari yana iya yin kuskure ya sake shiri, mai tsaro kuwa kuskure ɗaya ya ishe shi faɗuwa, ga gajiya, ga agogo yana tafiya. Don haka kada ka yi saurin miƙa wuya, Malam, bari abokin karawarka ya nuna maka ya iya ƙarasawa.