Haƙoran Roba: Yadda Za Ku Tsare Su Daga Datti da Rinin Goro

Duk wanda ya rasa haƙori ya san abin da giɓi ke hana mutum. Yana hana tauna nama, yana ɓata fitar magana, kuma yakan sa ɗan kasuwa ya riƙa kare baki da hannu yana tsakiyar ciniki. Shi ya sa mutane da yawa, daga Kano zuwa Maraɗi, daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, suke tara kuɗi a sa musu haƙoran roba. Sai dai bayan 'yan watanni, haƙoran da suka fito fari tas daga hannun likita sukan yi ja, su fara wari, mai su kuma ya shiga dirzarsu da duk abin da hannunsa ya kai. Wannan takarda taku ce, ku masu sanye da su, da ku 'ya'ya da jikoki masu kula da tsofaffin gida.

Ku fara da sanin abin da ke cikin bakinku. Galibin haƙoran nan ana yin su ne da wata roba mai tauri da ake kira akirilik, wasu kuma ana haɗa musu 'yan ƙugiyoyin ƙarfe masu riƙe sauran haƙoran asali. Ko da yake tana da tauri a hannu, robar ba ta kai haƙorin asali ƙarfi ba, kuma a jikinta akwai ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Cikin 'yan sa'o'i bayan wanki, wani siririn yauƙi yakan lulluɓe ta, haɗin yawu da guntun abinci da ƙwayoyin cuta. A jikin wannan yauƙi ne launin goro da na shayi da na taba ke samun wurin kamawa. Idan aka bar shi kwana da kwanaki, sai ya daskare ya zama kamar dutse, buroshi ba ya iya fitar da shi. Ke nan jan da kuke gani a madubi alama ce ta dattin da ya riga shi zama.

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Ganin haƙoran sun rine, sai a ɗauko gawayi, ko toka, ko gishiri, ko yashi mai laushi, a dirza da ƙarfi. Ranar farko za su yi haske, mutum ya ji daɗi. Amma ku tuna bokitin robar da aka goge da soson ƙarfe: daga ranar ba ya sake yin santsi, kuma datti ya fi saurin kama shi. Haka abin yake ga haƙoran roba. Kowace dirza tana barin ƙarzuna, kowace ƙarzuna kuma sabon maɓoya ce ga ƙwayoyin cuta da launi. Garin neman gira sai a rasa ido. Har makilin ɗin da kuke goge haƙoran asali da shi bai dace da roba ba, domin yana ɗauke da gari mai kankara. Asuwaki ma ku bar shi ga haƙoran da suka rage muku a baki.

Abin da robar take so ba shi da tsada: buroshi mai laushi da aka keɓe mata ita kaɗai, da ɗigon sabulun ruwa marar ƙamshi mai ƙarfi, irin na wanke hannu ko na kwanuka, da ruwan sanyi ko mai ɗan ɗumi. Ban da omo. Kafin ku fara, ku zuba ruwa a kwano ku yi wankin a kansa, ko ku shimfiɗa tawul, domin haƙoran roba masu sabulu suna da santsi, kuma faɗuwa ɗaya a kan siminti ta isa ta raba su biyu. Ku goge ko'ina, amma ku fi ba da ƙarfi ga cikin, wato gefen da ke kwanciya a kan dasashi da ganda. Can ne ba a gani, can ne kuma cuta ke farawa. Ku ɗauraye sosai har sabulu ya fita. A yi haka aƙalla sau ɗaya a rana, sau biyu ya fi. Kada ku taɓa zuba musu tafasasshen ruwa da niyyar kashe cuta: zafi yana lanƙwasa robar, kuma idan ta lanƙwashe ba ta sake zama daidai a baki.

Mun san mai rumfa ba zai bar kaya da masu saye ya tafi neman buroshi duk lokacin da ya ci abinci ba. Ledar ruwa ɗaya ta wadatar. Bayan cin abinci, ko bayan goro da kofin shayi, ku koma gefe ku cire su, ku ɗauraye, ku kurkure baki, ku mayar. Launin da bai kwana ba yana da sauƙin fita. Mai tauna goro tun safe har la'asar kuwa, gaskiya ita ce babu sabulun da zai riƙe masa farin haƙoransa sai ya rage.

Dare lokacin hutun dasashi ne

Da yawa suna kwana da haƙoran a baki, wasu don kunya, wasu don sun saba. Wannan ɗabi'a ce mafi haɗari cikin duk abin da muka ambata. Dasashin da aka rufe dare da rana ba ya samun wankin yawu, sai wata ƙwayar cuta dangin funfuna, wadda likitoci ke kira Kandida, ta yi yawa a ƙarƙashin robar. Ganda takan yi ja zur daidai fasalin haƙoran, wani lokaci gefen baki ya tsattsage. Sau da yawa ba ya ciwo, shi ya sa ake daɗewa ba a lura ba. Masu ciwon sukari suna cikin waɗanda suka fi saurin kamuwa.

Abin bai tsaya a baki ba. Mai barci yakan shaƙi ɗan yawu zuwa huhu ba tare da ya sani ba, tare da duk ƙwayoyin cutar da ke cikinsa. Wani bincike da aka yi a Japan, aka buga a 2015, ya bi tsofaffi 524 masu shekara 85 zuwa sama, ya gano cewa waɗanda ke kwana da haƙoran roba sun ninka masu cirewa haɗarin kamuwa da ciwon huhu mai tsanani. Ku da kuke jinyar Baba ko Inna, ku tabbata an cire an wanke kowane dare, ko da ku ne za ku yi da hannunku.

Akwai kuma haɗiya. Ƙaramin haƙorin roba mai cike giɓin ɗaya ko biyu, musamman wanda ya yi sako-sako, yana iya zamewa ya maƙale a maƙoshi cikin barci ko wajen shan magani. Likitocin maƙogwaro a Najeriya sun san wannan matsala sarai, kuma robar ba ta cika fitowa a hoton asibiti ba. Wanda ya haɗiye, a kai shi asibiti nan take, kada a ce a tura da lomar tuwo.

Bayan kun cire, ku goge dasashi da harshe da ganda da buroshi mai laushi ko tsumma mai tsabta, ku goge sauran haƙoran asali da makilin. Su kuwa na roba, a sa su cikin kofi mai murfi da ruwa mai tsabta, a canza ruwan kullum, a ajiye inda yara ba za su kai ba. Kada a naɗe su a ƙyalle a tura ƙarƙashin matashi. Bushewa tana sauya musu siffa, balle a lokacin hunturu.

Idan launi ya riga ya kama

A manyan kantunan magani ana samun ƙwayoyin da ake jefawa a ruwa su yi kumfa, irin su Corega da Polident. Ku bi abin da aka rubuta a kwalin, ku ɗauraye kafin ku mayar baki. Ba a sha, ba a kurkure baki da ruwansu. Dattin da ya fara daskarewa kuwa yakan yi laushi idan aka jiƙa haƙoran cikin farin ruwan khal da aka sirka da ruwa rabi da rabi, sannan a goge.

Bilic, wanda a Nijar aka fi sani da Javel, yana buƙatar taka-tsantsan. Yana cin ƙarfe, don haka haƙoran da ke da ƙugiya ba su da haɗi da shi ko kaɗan. Ga na roba zalla, kashi 1 a cikin kashi 10 na ruwa, kada ya wuce minti 10, kuma ba kullum ba, domin yana koɗar da jan robar da raunana ta. Kada a taɓa haɗa shi da khal, haɗin yana fitar da iska mai guba. Abin da ya gagari waɗannan duka, likitan haƙori yana da injin da zai kankare shi ya mayar da santsin robar.

Ku sani kuma ƙashin muƙamuƙi yana raguwa a hankali bayan an rasa haƙora, don haka haƙoran da suka zauna daram bana za su iya yin rawa bayan 'yan shekaru. Kada ku kankare su da wuƙa, kada ku liƙe karaya da gam ɗin kasuwa. Ku kai su a duba sau ɗaya a shekara. Ba dole sai inda aka yi muku su ba: wanda aka yi wa nasa a Katsina yana iya nuna su a Maraɗi ko Damagaram. Idan kuwa kuka ga gyambo, ko kumburi, ko wani fari ko jan tabo a baki da ya kai mako 2 bai warke ba, musamman ga mai shan taba ko mai sa ta a baki, ku cire haƙoran ku riƙe su a kofinsu, ku tafi asibiti ba tare da jiran ranar kasuwa ta wuce ba.