Ciwon Hanta Nau'in B: Yaushe Ake Fara Shan Magani?

Wata malama mai sauraronmu daga Gusau ta ce an gano tana ɗauke da ciwon hanta nau'in B fiye da wata shida, tana tambaya: shin ta fara shan magani?

To malama, Allah ya ba ki lafiya. Ba kowane mai ɗauke da cutar ne ake ɗora wa magani nan take ba. Likita zai duba yawan ƙwayar cutar a jini, da gwajin ALT mai nuna kumburin hanta, da ko hantar ta fara tabo. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2024, idan ƙwayar ta haura 2,000 kuma ALT ya hau, ko akwai tabo, ko kansar hanta a dangi, ana farawa.

Maganin, Tenofovir ko Entecavir, ƙwaya ɗaya ce kullum, sau da yawa har ƙarshen rayuwa. Nan hankalina ya fi tashi: idan wanda ya fara ya daina don kuɗi sun yanke, cutar na iya taso masa da ƙarfi. Ki lissafa aljihunki tukuna, a kuma yi gwajin ƙoda da na ƙanjamau kafin a fara. Jiƙe-jiƙen kasuwa kuwa, don Allah ki bar su. Maigida da yara su je gwaji da rigakafi.