Kumburin Babbar Jijiyar Ciki da Gudan Jinin da ke Taruwa a Cikinta

Babbar jijiyar jini, wadda likitoci ke kira awota, tana fitowa ne daga zuciya, ta gangara ta ƙirji, ta bi ta gaban ƙashin baya har zuwa daidai cibiya, inda take rabuwa gida biyu domin kai jini ga ƙafafu. Faɗinta a cikin babban mutum kimanin santimita 2 ne, amma idan bangonta ya yi rauni a wani wuri, ƙarfin bugun zuciya yakan riƙa buɗa wurin sannu a hankali, kuma da zarar faɗin ya kai santimita 3 sai a ce an samu kumburin jijiya, wato abin da ake kira aniyurizim a asibiti. Galibi kumburin yana fitowa ne ƙasa da inda jijiyoyin ƙoda suka rabu da babbar jijiyar, kuma yana iya yin shekaru yana girma ba tare da ciwo ko zazzaɓi ba, har ranar da zai fashe, jini ya kwarara a cikin ciki. Cikin mutum 10 da kumburin ya fashe musu, kimanin 8 ba sa rayuwa, da yawansu ma kafin a kai su asibiti.

Cutar ta fi kama maza waɗanda suka kai shekara 65 zuwa sama, kuma babu abin da ke jawo ta kamar shan taba, sai hawan jini da gado, domin wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa na jini ya yi ta yana cikin haɗari fiye da saura. Mata ba su cika samunta ba, sai dai idan sun samu takan fashe musu tun ba ta kai girman ta maza ba. A ƙasar Gumel, daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar har Maigatari da ke bakin iyakar Nijar, ba sabon abu ba ne a ji cewa dattijo ya koka da ciwon ƙugu da safe, kafin la'asar an yi jana'izarsa, a ce mutuwar fuju'a ce. Ajali gaskiya ne, kuma ba kowace irin wannan mutuwa ce ta kumburin jijiya ba, amma da yake ana binne mamaci ba tare da an binciki gawa ba, wadda ta kasance tasa ce takan wuce babu wanda ya sani, 'yan'uwan mamacin da suka gaji haɗarin kuwa ba a yi musu gargaɗi ba.

Ɓangaren da mai wannan rubutu ya fi mai da hankali a kansa a aikinsa shi ne gudan jinin da ke taruwa a cikin kumburin, wanda ake samu a kusan kashi uku cikin huɗu na masu cutar. Dalilin taruwarsa ba ɓoyayye ba ne. Kamar yadda ruwan kwari ke rage gudu ya riƙa kewaya a inda magudanarsa ta yi faɗi, har ya zubar da yashi a gefe, haka jini ke yi idan ya shiga wurin da jijiya ta buɗe: gudunsa ya ragu, ya riƙa juyawa, ƙananan ƙwayoyin da ke fara toshe rauni, waɗanda ake kira filatilet, su manne a bangon da ya lalace, sannan zaren faibirin, wato furotin ɗin da ke saƙa gudan jini, ya kama jajayen ƙwayoyin jini da fararensu. Gudan yana taruwa ne hawa-hawa cikin shekaru, sabon hawa ja yana fuskantar jinin da ke wucewa, tsoho mai launin ƙasa-ƙasa yana jingine da bango.

An daɗe ana ɗaukar wannan gudan jini a matsayin garkuwa, a kan cewa yana rage nauyin da ke kan bangon jijiya, kuma lissafin injiniyoyi ya nuna akwai ƙamshin gaskiya a haka. Sai dai binciken naman da ake cirowa lokacin tiyata ya nuna cewa gudan abu ne mai aiki ba dare ba rana. Fararen ƙwayoyin jini da suka maƙale a sabon hawa, musamman waɗanda ake kira nutirofil, suna fitar da sinadarai masu narkar da ilastin da kolajin, zaruruwa biyu da ke ba bangon jijiya taushi da ƙarfi. Jiki kuma yana ƙoƙarin narkar da gudan ta hanyar wani sinadari mai suna filasmin, shi kuwa filasmin yana ƙara tayar da waɗancan masu cin bango. Ƙari a kan haka, gudan mai kauri yana hana iskar oksijin isa ga bangon da ke ƙarƙashinsa, shi ya sa ake tarar da bangon da gudan jini ya rufe ya fi sauran siranta, da ƙarancin ƙwayoyin tsoka. A ra'ayin mai wannan rubutu, duk ma'aikacin lafiyar da ya ga gudan jini a cikin kumburi ya ce wa majinyaci jijiyar ta fara warkewa, ya ba shi kwanciyar hankalin da bai dace ba.

Gudan yana da wata illar a wajen ciki. Ɓarɓashinsa kan ɓalle ya bi jini zuwa ƙafa, ya toshe ƙananan jijiyoyi, sai a ga ɗan yatsan ƙafa ya yi shuɗi ko baƙi, yana zogi, alhali babu rauni. Dattijon da ya zo da irin wannan yatsa, musamman idan ba shi da ciwon suga, ya kamata a duba cikinsa.

Tun da ana ta daskarewa da narkewa a cikin kumburin, jinin masu cutar yakan nuna ƙaruwar wani gutsuren faibirin da ake kira di-daima, kuma masu bincike sun yi fatan ya zama gwajin gano ta. Gwajin bai isa hujja shi kaɗai ba, domin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da sikila da juna biyu da ƙwayoyin cuta duk suna ɗaga shi, waɗannan kuwa su ne ruwan dare a arewacin Jigawa. Haka nan an gwada magunguna don hana kumburin girma: wani gwaji a Suwidin da maganin hana filatilet mannewa bai rage girmansa ba, wani kuma a Amurka da maganin doksisaikilin, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2020, shi ma bai rage ba. Asfirin da magungunan rage kitsen jini ana ba masu cutar ne don kare su daga bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, bisa umarnin likita, ba su da ikon mayar da jijiya yadda take. Abin da aka tabbatar yana rage saurin girman kumburin shi ne daina shan taba.

Akwai wani magani da ya kamata a yi hattara da shi ƙwarai a wannan yanki, wato sifurofuloksasin da danginsa, wanda ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba duk lokacin da aka ce mutum yana da taifod. A watan Disamba na 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa wannan rukunin magunguna yana iya ƙara haɗarin tsagewa ko fashewar babbar jijiya, ta kuma ce kada a ba wanda aka san yana da kumburin, ko tsoho, ko mai hawan jini, sai in babu wani zaɓi.

Hanyar gano cutar ita ce hoton ciki, da na'urar nan da ake duba masu juna biyu da ita, kuma aikin mintuna ne. Wani babban bincike a Ingila da ya ƙunshi maza fiye da 67,000 masu shekara 65 zuwa 74, wanda aka wallafa a 2002, ya nuna cewa gayyatar su hoto sau ɗaya ta rage mutuwa daga wannan cuta da kimanin kashi 42 cikin 100, kuma a kan haka ƙasar ta fara shirin duba kowane namiji mai shekara 65 a 2009. Ƙa'idar da suke bi mai sauƙi ce: daga santimita 3 zuwa 4.4 a sake hoto duk shekara, daga 4.5 zuwa 5.4 duk wata uku, idan ya kai 5.5 a tura wa likitan tiyata. Masu ɗaukar hoto a Gumel da kewaye su lura cewa bangon jijiya ake aunawa daga gefe zuwa gefe, domin gudan jini yakan cika kumburin ya bar siririyar hanya a tsakiya, wanda ya auna hanyar kaɗai sai ya rubuta cewa jijiya lafiya lau take.

Tiyata iri biyu ce. Akwai ta buɗe ciki a maye gurbin wurin da ya kumbura da bututu, wadda Charles Dubost ya fara yin nasararta a Faris a 1951, akwai kuma ta zura bututu ta jijiyar matsematsi ba tare da an buɗe ciki ba, wadda Juan Parodi ya yi a Ajantina a 1990. Kowacce tana buƙatar babban asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda ke da nisan fiye da kilomita 100 daga Gumel, tafiyar da wanda jijiyarsa ta riga ta fashe da wuya ya iya jurewa.

Saboda haka duk namijin da ya kai shekara 65, musamman wanda ya taɓa shan taba ko yake da hawan jini, ya je Babban Asibitin Gumel ko wata cibiyar da ke da na'urar hoto ya nemi a auna masa babbar jijiyar ciki, ko da yana jin kansa garau. Wanda ya ji wani ƙullutu yana harbawa a saman cibiyarsa kada ya yarda a yi masa tausa ko ƙaho ko sakiya a wurin. Idan kuma dattijo ya ji ciwon ciki ko na baya mai tsanani farat ɗaya, tare da gumi da jiri ko suma, kada a tsaya ba shi maganin olsa a gida, a garzaya da shi asibiti nan take, a kuma shaida wa likita idan an taɓa gano masa kumburin jijiya.