Darasi: Dandalin Waliyi Markus a Birnin Benis

Benis birni ne na ƙasar Italiya wanda aka gina bisa ƙananan tsibirai. Babban dandalinsa yana ɗauke da sunan Waliyi Markus, marubucin Bishara ta biyu.

Baƙon da ya tsaya a wurin zai ga hasumiyar ƙararrawa mai tsawon mita 98. Ta rushe a 1902, aka gama sāke gina ta a 1912. Zai ga fadar sarakunan birnin na dā, da siffar zaki mai fikafikai, alamar Markus. Amma zuciyar dandalin ita ce majami'ar da aka keɓe a 1094, wadda zane-zanen labaran Littafi Mai Tsarki masu ruwan zinariya suka rufe rufinta.

Me ya kai Markus can? Bisa ga al'adar Ikilisiya, shi ya kafa jama'ar Kirista a Iskandariya ta Masar. A shekarar 828 fatake biyu na Benis suka ɗauko ƙasusuwansa daga can. A 1968 Paparoma Bulus na Shida ya miƙa wani ɓangare na ƙasusuwan ga Kiristocin Kibɗawa, domin ƙarfafa zumunci.

Ashe mai bisharar da Benis take taƙama da shi, a Afirka ya yi hidima. Bangaskiyarmu ba baƙuwa ba ce a wannan nahiya. Wanda Allah ya ba shi ikon zuwa, kada kallo ya hana shi durƙusawa. Mu da muke gida, mu karanta Bisharar Markus; surori 16 ne kawai.