Darasi: Abin da yaƙi ya bar wa tsohon soja

Jama'a, darasinmu na yau a kan mazan jiya ne, wato tsofaffin sojoji.

A garinmu an yi wani tsoho, muna ce masa Baba Soja, Allah ya ji ƙansa. Idan hadari ya taso aka yi tsawa, sai ya faɗi ƙasa ya rufe kansa da hannu. Mu yara mu yi ta dariya. Sai da na girma na zauna da shi, sannan na gane dalili.

Yadda aka ɗauke shi

A zamanin mulkin mallaka Faransa tana ɗaukar samari aikin soja. Tun daga 1919 ƙuri'a ake yi, wanda ta faɗa kansa sai ya yi shekara 3. Ana kiran su sojojin Senegal, amma daga ƙasashe da yawa suka fito, har da Nijar.

Baba yana cikin soja Yaƙin Hitila ya tashi a 1939. Aka sa su jirgin ruwa zuwa Faransa. Ya gaya mini bai taɓa ganin teku ba sai ran nan. Can kuma ya haɗu da sanyin da ke daskarar da yatsu.

A watan Yuni na 1940 Jamus ta ci Faransa. A wasu wurare Jamusawa suka ware baƙaƙen sojojin da suka kama, suka kashe su. Baba ya tsira, amma ya zama fursuna. Shekara 4 yana aikin gona da saran itace, ga yunwa, ga kewar gida. A 1944 aka 'yanta su.

Haƙƙin da aka danne

Ran 1 ga Disamba 1944, a barikin Caroy kusa da Dakar, wasu tsofaffin fursunoni suka nemi kuɗinsu da aka riƙe. Sojan Faransa ya buɗe musu wuta. Hukumar lokacin ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi kuwa sun ce sun fi haka nesa. Sai a 2024 shugaban Faransa ya amsa cewa kisan gilla ne.

A 1959 Faransa ta yi dokar da ta tsaida fanshon sojojin ƙasashen da ke samun mulkin kai. Na Bafaranshe yana ƙaruwa, na ɗan Afirka yana nan inda yake. An yi wani gyara a 2007, aka daidaita a 2011. Kafin nan Baba da yawancin abokansa sun riga mu gidan gaskiya.

Raunin da ido ba ya gani

Baba ya dawo da ƙafa biyu da hannu biyu, mutane suka ce lafiya lau ya dawo. Amma barci ya ƙaurace masa. Yakan farka cikin dare yana kiran sunan abokinsa da ya mutu a gabansa. Ranar Salla, idan an fara harba bindiga, sai ya shige ɗaki. Wasu suka ce aljannu ne, wasu suka ce taɓin hankali.

Likitoci sun san wannan ciwo. Yana kama wanda ya ga kisa ko babban tashin hankali. Alamunsa su ne mugun mafarki, firgita, saurin fushi da gudun mutane. Ba ragwanci ba ne, kuma ana samun sauƙinsa.

Wannan magana ba ta jiya kaɗai ba ce. Sojan da ya dawo daga fagen fama yana iya kamuwa da shi. Haka ma mace ko yaron da suka gudo daga garinsu saboda ƴan bindiga.

Abin da ya kamata mu yi

Kada mu yi masa dariya, mu kuma hana yara. Idan yana son magana mu saurara, idan ba ya so kada mu matsa masa. Idan barci ya gagara, mu kai shi asibiti. Takardunsa na soja kuwa mu adana su nesa da gara da ruwan sama. Mu da muka iya karatu yanzu, mu rubuta labarin tsofaffinmu tun suna da rai.

Tambayoyi

1. Me ya faru a Caroy a 1944?
2. Waɗanne alamu ne ke nuna wannan ciwo?
3. Wa ya yi aikin soja a garinku? Ku rubuta layi 5 a kansa, ku kawo wa malami.